Kwanon da Munka Aika wa Sa'idu Ɗaki

Da kakar bana shekara goma sha biyu ke nan da munka binne yayana Sa'idu a Badaguishiri. Ni ba mai ilimi ba ne, aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, tsoho mahaifinmu ya cire ni ya kai ni gona, don haka wanda ya ga karkata a rubutuna shi yi haƙuri. Ga masu gaisuwa mun ce zazzaɓi ya kashe shi. Gaskiya ne zazzaɓin ya ƙarasa shi, amma ya iske aikin ya kusa ƙarewa, kuma da hannuna a ciki.

Sa'idu mai garka ne, wato lambu, duk fadamarmu ba wanda ya kai shi albasa. Amma ni ba a garka nake tuna shi ba, a wurin ciyayya ne. A unguwarmu, in an sallame magariba, kowane magidanci a fito mishi da kwanon tuwonsa ƙofar gidan tsoho, a shimfiɗa tabarma a ci tare, na wane ya ƙare a jawo na wane. Sa'idu shi ne gishirin wurin. Shi ke ɗanɗana miyar kowa shi yanke mata hukunci. Sai shi lashi yatsa shi dube ni: "Hamidu, matarka sun yi faɗa da daddawa ne?" A yi ta dariya har wani ya ƙware.

Sai shekarar yunwa ta zo, wadda anka rufe iyaka. Rijiyoyin fadama sunka ƙafe, shanunsa biyu sunka mutu. Wuya dai kowa ya sha ta. Daga baya ruwa ya dawo, gero ya yi, kowa ya kakkaɓe rigarsa ya miƙe. Sa'idu ne kaɗai bai dawo ba. Da fari ba'ar ce ta tafi. Sannan ya koma loma biyu shi wanke hannu. Wata rana bai fito ba gaba ɗaya, tsoho ya ce a kai mishi kwanonsa ciki. A wurinmu wannan mutunci ne, haka ake yi wa babba in ba shi jin daɗi, ba a titsiye shi da tambaya. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara. Gurbinsa na jikin bango ya cike da kanshi, kowa ya ɗan gusa kaɗan.

Kowa da abin da ya faɗa. Wasu sunka ce sammu ne, anka yi ta ba shi rubutu. Wasu sunka ce ai Sa'idu ya zama mutumin Allah, ga haƙuri, ga kawaici, ba ruwansa da surutun duniya. Ni kuwa cewa na yi ragwanci ne, don garkarsa ta hau kaina bisa ga tawa. Wata safiya na tsaya bakin ɗakinsa na ce, "Yaya, albasa ba ta ba kanta ruwa. Tashi!"

Daga cikin ɗaki ya amsa: "Hamidu, ba ƙi na yi ba. Ji nake kamar an kifa mini turmi a ƙirji."

"Turmin ragwanci ne," in ji ni. Na juya na ce da mutanen gida, "Ku bar shi, in yunwa ta ci shi zai fito."

Yunwa ta ci shi, bai fito ba.

Abin da ya ruɗe mu, kullum kwanonsa wankakke yake dawowa, mu ce to ai shina ci. Sai da ya mutu matarsa Rabi ta gaya mini, tana cikin takaba, cewa awaki take juye wa tuwon ta wanke kwanon, don kada a ce mai gidanta ya lalace. Rufin asiri take yi mishi. Awakin gidan sunka yi ƙiba, mai gidan ya koma ƙashi da fata. Barci ya guje shi, kai kullum ciwo, wanka sai an yi da gaske, har masallacin Juma'a ya bari. Da damina ta biyu ta kawo zazzaɓin da yara ke warkewa cikin kwana uku, shi kwana biyar ya yi anka ɗauke shi. Ranar kuwa unguwa ta cika, har da waɗanda shekara biyu ba su leƙa ɗakinsa ba, ana ta yabon haƙurinsa. Har yau in na ji an ce haƙuri maganin duniya sai na tambaya, haƙurin wa, a kan mi?

Da Sa'idu zai tashi yau da ya sha kallo. Injin ban ruwa na ta ƙugi inda muke jan guga, manyan motoci na lodin albasa ana kai ta ƙasashen bakin teku, samari sun rarrabu jam'iyya-jam'iyya, kuɗi sun faɗi har sabulu ya zama abin shawara. Na san duk da ba'a zai bi su. Amma in ya gama dariya, abu guda zai tambaye ni: ina Abdu?

Abdu ɗansa ne na fari, yanzu magidanci da 'ya'ya biyu, shi ya gaji garkar. Bara na ga ya fara loma biyu. Labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na taɓa ganin wannan fuskar. Ranar da bai fito ciyayya ba, wani ya ce, "A kai mishi nashi ciki." Na ce, "Wallahi ba a kaiwa." Na naɗe tabarmar, na yi sallama mata sunka kauce, na shimfiɗa ta bakin ɗakinsa, mu biyar da kwanoninmu. An yi ta magana a unguwa wai na shigar da maza cikin gida. A yi ta yi.

"Baba, ku bar ni, ba ni jin ci."

"Wa ya ce ka ci? Fito ka kalle mu."

Na ɗaga murya na tambayi matarsa ko shina cin abinci. Rabi ce, uwarsa, ta amsa daga bayan danga: "Ba shi ci, Hamidu. Wannan karon ba ni juye wa awaki."

Ranar kasuwa na sa shi gaba sai likita a Illela. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya tambaye shi barci, ya tambaye shi ci, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa jin gara mutuwa. Abdu ya sunkuyar da kai ya ce e. Majo ya faɗi sunan abin da Faransanci ban riƙe ba, ya ce da Hausa ciwon damuwa ne, cuta ce kamar kowace, tana da magani, in an bar ta kuwa ta karya jiki ta buɗe wa sauran cututtuka ƙofa, wani har shi cuci kansa. Ya ba mu ƙwayoyi, ya ce mu riƙa dawowa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Addu'a ba mu bari ba, magani ma ba mu bari ba.

Ba dare ɗaya ya warke ba, kada a yi muku ƙarya. Wata huɗu tabarma na bakin ɗakinsa. Wani sati shi yi dama, wani shi koma. Amma da rani ya dasa albasa da hannunsa, kuma kwanan baya a ƙofar gida ya lashi yatsa ya dube ni ya ce, "Baba, Inna sun yi faɗa da daddawa ne?" Kowa ya yi dariya. Ni tashi na yi wai zan sha ruwa.

Mi ya rage na Sa'idu? Garka dai ƙasa ce, wani zai nome ta bayan wani. Da-na-sani kuwa ƙeya ce, tawa ina ɗauke da ita har kabari. Abin da ya bar muna shi ne wannan: a unguwarmu yanzu ba a aika wa namiji kwano ɗaki a koma a zauna. In bai zo tabarma ba, tabarma ta tai ta iske shi. Allah shi jiƙan Yaya, shi yafe mini maganar turmi.