Rumbun da Ya Zarce Kafin Garinmu

Har yau in na ji warin geron da ya daɗe a rufe, sai in ji kamar igiya ta ɗaure mini ƙugu.

Ina ƙarama, tun kafin zuwan Nasara, mahara suka tashi ƙauyukan wajen Mayahi. Mutane suka yi ta kwararowa cikin kafin garinmu, wato shingen itace da ƙaya da ya kewaye mu, har akuya ta rasa wurin kwanciya. Kakana ya rushe biyu daga rumbunansa uku, ya ba baƙi filin suka kafa bukkoki. To, ina za a zuba gero? A waje mahara su ƙone shi, a ciki ba fili.

"Ƙasa ta ƙare," in ji shi, "amma sama ba ta da mai ita."

Rumbu ɗayan da ya rage ya yi ta ɗora wa laka, zobe kan zobe, kowane sai ya bushe a ɗora wani. Tsofaffi na dariya, wai shaho yake gina wa gida. Da aka gama, in na ɗaga kai sai ɗankwalina ya faɗi. Ban taɓa ganin aikin hannu da ya ba ni tsoro da sha'awa haka ba.

Sai dai an tsuke bakinsa don kada ginin ya tsage, babba ba ya shiga. Ni ce siririya, ni ake zurawa da igiya in ɗauro dami. Kakata ta yi ta faɗa, wai ɗiya mace ba ta shiga rumbu. Yunwa ta kashe maganar.

Bakuna sun ninku, damina ta makara. Kullum igiyar ƙara tsawo take, kakana na ƙulla mata wata. Ranar da ƙafata ta taɓa daɓe, sanyinsa ya hau mini har ciki. Na ɗaga kai, sama ta koma kamar faifai.

"Mi ya rage?" in ji kakana daga sama.

"Dami guda, Kaka."

Ya jawo ni. Mata na jira a ƙasa da ƙore. Ya zaunar da ni a bakin rumbun, ya juya ni gabas. Can bayan kafi gero ya fid da kai, iyakar ganina.

"Hwaɗa musu abin da kinka gani nan."

Na faɗa da ƙarfi. Da wannan dami da ganye muka lallaɓa har tumu ya gasu.

Yanzu jikana ya dawo daga birni, wai can mutane sun yi yawa, fili ya yi tsada, sai ɗora gida kan gida ake yi har hula ta faɗi. Ban yi mamaki ba. Na dai tambaye shi wa suke zurawa ya dubo musu abin da ya rage a ƙasa.