Wasan da Na Ce Ya Koma

Tun da anka fara sako ruwan dam ɗin Goronyo da rani muke noman albasa a fadamarmu ta kusa da Rimawa. Ɗiyana maza biyu cikin aikin sunka tashi, da injin ban-ruwa guda tsakaninsu. Injin nan ne ya raba su. Wata shekara ya ƙone a hannun ƙaramin. Babban ya ce an bar shi yana aiki ba baƙin mai, ƙaramin ya ce a lalace ya karɓe shi. Ba a kai ga cirar albasa ba ƙaramin ya tafi Ikko yin kabu-kabu.

Yakan kira ni ranar Juma'a, mu gaisa, ya ce komi lafiya, ya kashe. Yayansa kam ba ya kiransa. Ni a sanina ko sallama ba ta haɗa su.

Wata rana bayan la'asar ina hutawa gindin mangwaro a bakin fadama, sai na ji harbi yana fita daga wayar babban. Mu nan da ke jin abin da ke faruwa a ƙauyukan Rabah, ƙarar bindiga ba ta yi mana kama da wasa. Ina shirin yi masa faɗa sai na ji dariyar ƙaramin cikin wayar.

"Yaya, duba bayanka. Kai kam akuya ma ta fi ka gani."

"Rufe mini baki, ɗan kabu-kabu. Zo ka tashe ni, an harbe ni."

"Sai ka ce don Allah."

Na tambayi babban mi ke nan. Ya ce wasa ne, ana zuba mutane da yawa cikin wani fili, kowa na garinsu, a yi ƙungiya-ƙungiya ana harbin juna har a bar ɗaya. Ban gane yadda wanda anka harbe ke tashi ba, ban kuma gane yadda mutanen da ba su gaisawa ke tsare wa juna baya ba. Amma daga ranar nakan jawo buzuna kusa in sun fara. A nan kaɗai nake jin muryar yaron nan kamar da.

Haka munka ci rani guda. Sai wata rana babban ya shiga wasan, ƙanensa ba shi nan. Ashe wani sabon wasan ya fito, shi ma na harbi, abokan kabu-kabunsa duk sun koma can. Babban ya ƙi bi. Ya ce sabon yana ɗumama masa waya, kuma ba zai bar matsayin da ya sha wahala ya kai ba. A rumfar caji ta kasuwa ma gardamar ke nan. Samari na cewa na farkon wasan tsofaffi ne, abin da bai kai jikata ta goye shekaru ba. Na leƙa duka biyun a wayoyinsu. Ga mutum, ga bindiga, ga gudu. Ban ga bambanci ba.

Sai na yi abin da na iya. A rabon ruwa, wanda ya riga kafa fangalin shukarsa shi ke fara shan ruwa, a gida kuma ƙarami ke bin babba. Na kira ƙaramin na ce ya koma inda yayansa yake.

"Baba, ai ba kowa can."

"Yayan naka ba kowa ba ne?"

Ya ce, "To, Baba."

Ya dawo ɗin. Amma ashe wasan ba ya tashi sai mutane sun taru, mutane kuwa sun watse. Sai su zauna suna kallon wani ɗan zobe yana juyawa a fuskar waya. In wasan ya tashi ma, babban ya ce yawancin abokan faɗan ba mutane ba ne, inji ke tafiyar da su, tsayawa suke a harbe su. Ba wanda ke bukatar a ce ya duba bayansa. Cikin irin wannan jiran ne ƙaramin, don kada shirun ya yi yawa, ya tambayi albasa.

"Tana nan," in ji babban. "Ruwa ne ba ya isarta. Injin haya muke, ka kuwa san dalili."

Ina zaune a kan buzu sunka tono maganar injin nan tun daga tushe. Ƙaramin bai san ina ji ba, ya faɗi abin da ba zai faɗa gabana ba, ya fita. Bai sake shiga ba.

Na ce wa babban to shi ya bi shi sabon. Da ƙyar ya yarda, sai da ya share hotuna kafin wayar ta ɗauka. Ya sami sunan ƙanensa a ciki, amma da alamar ya daɗe bai leƙo ba. Na koma rumfar caji na tambayi samari inda mutane suke yanzu. Wani ya ce wani na uku ya fito, wani ya ce an gyara na farkon har an fara komawa, wani ya ce ya danganta da irin wayar mutum. Na fito ban fi yadda na shiga sani ba.

Da Juma'a ta zo na tambayi ƙaramin wane yake yi yanzu.

"Baba, mi ya haɗa ka da wasan yara?"

"Yayanka ke tambaya," na ce, ko da yake bai tambaya ba.

"In shina nemana, shina da lambata."

Na iske babban a rumbu yana juya albasa, na faɗa masa. Bai ɗago kai ba. Ya ware wata ruɓaɓɓiya ya jefa waje, ya ce, "Shi ma ai shina da tawa."