Kiran Baba Mai Atamfa

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji ba, ni abin ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko yanzu da nake ba ku tsigar jikina tashi take. Lokacin ina karatu a Landan, shekarun nan da kuɗin fetur ya buɗe wa ƙasarmu, ɗalibi ma in ya ga dama ya hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, in bai ga dama ba ya tare tasi abinsa.

A unguwar Lewisham nake haya, saman gidan wani dattijo Ba'indiye da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da yadi a Kano, har suna ya bi shi, Baba Mai Atamfa. Hausa a bakinsa kuwa, sai ka rantse a Fagge aka yanke masa cibiya. Ɗansa Mohan sa'ana ne, shi ma haihuwar Kano, tare muke cin tuwo in na tuƙa. Tsohon nan ya riƙe ni kamar ɗa, Malam yake ce mini don tsokana, ni da ko izu goma ban haɗa ba.

To, Baba ya rasu. Su addininsu na Hindu ƙona gawa suke, kuma ya bar wasiyya a kai tokarsa Haridwar, wani garin ibadarsu a gindin manyan duwatsun Indiya, a zuba a kogin Ganga. Matarsa, Mama, ƙafa ta hana ta tafiya. Mohan ya zo ɗakina ido jawur ya ce ba zai iya shi kaɗai ba. Na ce ni dai ba ruwana da ibadarku, amma rakiya zan yi maka. Washegari na je na yanko mana tikitin jirgi.

Kai, garin nan! Ban taɓa ganin taro irinsa ba. Ƙararrawa ta ko'ina, hayaƙin turare, birai a kan katanga suna ƙwace abinci a hannun mutane, ga wasu tsofaffi sun shafe jiki da toka suna bin ka da ido ba ƙiftawa. Kogin kuwa daga ƙanƙarar duwatsu yake gangarowa, ga sanyi ga ƙarfi, har sarƙoƙi aka kafa a bakin matakalar shiga ruwan don masu wanka su riƙe. Tun da muka sauka gabana ke faɗuwa, na rasa dalili.

Da hantsi muka je bakin kogin, rana tarwai. Malamin addininsu, wani siririn tsoho mai askin ƙwal, ya ja wa Mohan kunne, shi kuma ya fassara mini: da zarar an juye tokar, a juya baya a hau matakala, kada a waiga, kada a amsa kowane kira. In wanda ya zuba ya waiga, mamacin ba zai tafi ba, biyo shi zai yi har gida. A raina na ce kanku ake ji. Na koma gefe ina ta istigfari har suka gama, muka juya, Mohan na gaba ina biye.

Ba mu yi nisa ba na ji daga bayana, daga cikin ruwan, an ce, "Malam, haba Malam, ba ka ɗan taka mini?"

Da Hausa fa, jama'a! A garin da duk faɗinsa mu biyu ne ke jin Hausa. Kuma muryar Baba ce, har da 'yar dishewar nan tasa. Na sani ko a gida iyayenmu na hana mu amsa kiran da ba mu ga mai shi ba, amma wannan murya na san ta, kuma ɗan Bahaushe babba ya kira shi ya yi banza da shi? Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ce, "Na'am, Baba."

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na dai farga ina cikin ruwa har ƙirji, hannuna ɗaya a sarƙa, ɗayan kuma an riƙe shi ta ƙarƙashin ruwa, riƙo mai laushi irin na tsoho da ke son a tsallakar da shi titi. Ba fizga ake ba, ja ake a hankali, kuma abin da ya fi ba ni tsoro har yau, ban ji ina son ƙwacewa ba. Ina hango Mohan a sama, ya ƙame, ya ba ni baya, malamin na yi masa tsawa da yarensu. Ya san in ya juyo ubansa ya rasa hutu, in bai juyo ba na tafi. Yatsuna suka fara zamewa daga sarƙar, sai a lokacin salati ya zo bakina.

Mohan ya juyo. Ya diro da gudu ya caɓo wuyan rigata, a take aka saki hannuna. Malamin ya tattara kayansa ya bar wurin.

Kafin mu sauka Landan muka yi alkawarin Mama ba za ta ji ba. Da la'asar muka isa gida. Ta buɗe ƙofa, Mohan ya shiga, na shiga, amma ba ta rufe ba. Ta ci gaba da riƙe ƙofar, ta ɗan matsa gefe kamar mai ba wani hanya, idonta a wajen da ba kowa. Sannan ta rufe a hankali, ta dube mu da hawaye, ta ce da 'yar Hausarta, "Wa ya waiga?"

Satin nan na tattara na koma unguwar Marylebone wajen wani ɗan garinmu. Mohan bai taɓa ɗora mini laifi ba, ni kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa abin da suke gani a gidan ba. Me ya kira ni? Aljani ne, mene ne, Allah shi ya bar wa kansa sani.

Shawarata gare ku, in kun je garin mutane suka ce kar a yi abu, ko ba ku yarda da addininsu ba ku kama kanku. In kuma aka kira sunanku a inda ba wanda ya san ku, ku riƙe addu'a ku yi gaba, ko da muryar wanda kuke ƙauna ce.