Ɗakin da Kaka Ya Fita Ya Bar Mini

Har yau mabuɗin yana cikin jakar makarantata, ko da yake an daɗe da canza kwaɗon. In na laluba neman biro na ji sanyinsa a yatsuna, sai in tuna daminar da mahaifina ya rasu.

Ina ƙarama lokacin. A gidan kakana muke zaune, a unguwar Arras cikin Treichville, a Abidjan, tare da baffannina da iyalansu. Mahaifina ne ke riƙe wa Kaka shagon atamfa a Adjamé, kusa da kasuwar Roxy, har ciwo ya kwantar da shi.

Bayan Inna ta fita takaba, wata safiya Kaka ya sa aka kwashe nasa kayan daga ɗakin da yake kwana, ciki da falo, wanda ya fi kowanne kyau a gidan. Gado, akwatin littattafai, buzun salla, har ƙusar da yake rataye carbi sai da aka cire. Ya kira liman da wani maƙwabci, ya danƙa mini mabuɗi a gaban Inna.

"Kulle, ki buɗe da hannunki," in ji shi. Sannan ya dubi baƙin. "Ku shaida, na ba ta, na kuma fita."

Ya koma ɗan ɗakin bakin ƙofa inda ake ajiye dilar kaya. Hayaƙin mai suyar kifi da aceke, dambun rogo, yana shiga masa, rufin kuma yana yoyo. Tun daga ranar bai ƙara shiga ɗakinmu ba sai da sallama. Yakan tsaya a bakin labule ya ce, "Wace irin amarya ce wannan, ta kori mijinta waje?" Ni kuwa in ɓoye fuska a bayan littafi.

Wata damina tari ya kama shi. Inna ta durƙusa ta ce, "Baba, ka dawo ɗakinka, ko zuwa ɗaukewar ruwa."

"In na sake kwana ciki, na warware abin da na ƙulla," ya ce, ya gyara zaman bokitin da ke tare ɗigon.

Ban gane maganar ba sai ranar rabon gadonsa. Malamin da ke rabon ya ce wanda ya riga mahaifinsa rasuwa ba ya gadonsa, 'ya'yansa ma ba su da rabo muddin akwai baffanni. Inna ta matse hannuna. Ba ta da kowa a Abidjan. Danginta duk suna Maraɗi. Babban baffana ya fara lissafa ɗakuna, ya haɗa da namu.

Liman ya ce, "Wancan ba ya ciki. Kyauta ce, an bayar, an karɓa, mai ita ya fita bai koma ba."

Baffa ya daɗe yana kallon ɗan ɗakin bakin ƙofa. Can ya ce, "Ashe shi ya sa tsohon nan ya ƙi jin magana." Ya share ido da hannun riga, ya wuce zuwa ɗaki na gaba.

Yanzu shari'a nake karantawa. A aji mun zo kan kalmar Faransanci ta wanda ya riga wani rasuwa, prédécédé, aka ce a dokar ƙasa 'ya'yansa na tsayawa a matsayinsa su ci gado. Abokan karatuna suka rubuta suka wuce. Ni sai da biro ya tsaya mini, don a gidanmu ba wanda zai kai rabon gado kotu, kuma Kaka ya san haka.

Ɗan ɗakin nan yanzu kwalayen wayoyi ke ciki, na 'ya'yan baffa. Rufin bai daina yoyo ba. In hadari ya taso daga teku, ni ke zuwa in ajiye bokiti, daidai inda Kaka yake sa kansa in ya kwanta.