Ranar da Muka Bi Karsana Don a Ba Ta Maki

A shekarun da na yi ina aiki a lakol, wato makarantar boko, abubuwa da yawa sun wuce na manta, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo akushi ɗaya. Amma akwai guda da ba na jin zai fita kaina sai ranar da aka rufe ni da ƙasa: maganar wani yaro ɗan Fulani da karsanarsa, a shekarar babban farin nan na biyu.

Bari in ɗauko daga farko, don ba na son labari a hargitse. Lokacin ni ne sirbeyan a wata koleji a yankin Agiye, wato mai buga ƙararrawa, mai jera yara, mai hukunta wanda ya makara. Karatuna bai wuce sartifika ba. Abin da aka ce a yi, shi nake sa a yi, shi ke nan aikina.

Ƙa'idar makarantar a fili take. Ɗan ajin ƙarshe ba a tura sunansa jarrabawar brebe, ta gama koleji, sai yana da maki a kowane darasi, ba a barin gurbi ko ɗaya a buɗe. Cikin darussan akwai aikin hannu, wanda a wurinmu lambu ne: kowane yaro da fangalinsa na albasa ko salati, a ƙarshen shekara malami ya duba ya ba da maki. To, damina ta ƙi. Rijiyar da muke ban ruwa da ita ta ja baya, har mata suna yini a bakinta suna jiran abin da zai cika guga. Babu mai imanin da zai zuba wa albasa ruwa a gabansu.

Direkta ya tara ajin ya ce lambu ya mutu, amma an yarda a musanya shi da ɗayan biyu, ko sana'ar hannu ko kiwo. Musanyar sau ɗaya ce tak, wanda ya zaɓa ya zaɓa. Mai kiwo kuma, malamin aikin hannu zai ga dabbarsa da idonsa a farko, ya sake ganinta da ranta a ƙarshe, sannan ya ba da maki. Yara duk suka ruga wajen tufkar igiya da saƙar tabarma. Wa zai zaɓi kiwo a shekarar da mushe ke kwance gefen hanya? Sai yaro ɗaya.

A gidana yake zaune, don rugarsu tana can wajen Cadawa. Iyayensa sun riga sun yi kudu da ɗan abin da ya rage na garke, suka bar masa karsana ɗaya ja. Ba tasu ba ce, ta habbanaye ce. A wajen Fulani, mutum kan ba amininsa karsana ya riƙe har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Kafin nan kuwa mai riƙon ya fi son tasa ta mutu da a ce wannan ta yi tari. Uban yaron ya ji tsoron kada ta faɗi a hanya, shi ya sa ya bar ta a bayan gidana.

Na kira yaron buro, wato ofis, na ce, "Kai, ka san abin da kake yi? Tabarma ba ta mutuwa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe," wato malam ke nan da Faransanci, "ko da maki ko babu, dole in ciyar da ita. Gara in haɗa wahalar wuri ɗaya."

Na rubuta masa kiwo.

Watannin da suka biyo baya, ko tuna su gajiyar da ni yake yi. Da an tashi daga aji sai ya saɓi buhu ya shiga daji neman ƴaƴan gawo. Da na kusa suka ƙare ya ƙara nisa, da na nesa suka ƙare ya koma sassabo ganyen aduwa. Daga baya har tsohon bunun rumbuna ya roƙa, ya jiƙa shi da ɗan gishiri ya ba ta. Ni kuwa na ba shi, rumbun ai babu kome a ciki. Dusar jar dawar taimako da ake rabawa, maiɗakina kan so ta ƙara mana auki da ita a tuwo, sai ta ga yaron tsaye yana kallon turmi, ta tura masa tana mita.

"Malam," in ji ta wata rana, "ita ma saniyar za ta zauna jarrabawar ne? In za ta zauna a faɗa mini in ɗinka mata riga."

Ya rame, ita ma ta rame, amma tana tsaye. Yakan makara, ni kuma in sa shi durƙuso a rana kamar kowa. Ko yau aka maimaita haka zan yi, don ranar da na ɗaga wa ɗan gidana ƙafa, ba ni da bakin tsawata wa ɗan wani.

Saura ƴan kwanaki malami ya zo dubawa, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga baƙo a ƙofar gidana. Dogon mutum, ƙasusuwa kawai, da malfa da sanda a kafaɗa. Bafulatanin da ka gani da sanda babu ko akuya a bayansa, ba sai an ba ka labari ba. Yaron ya durƙusa yana ce masa Baffa. Shi ne mai karsanar, daga wajen Sae Sabuwa ya taso.

Na sa aka kawo masa kunu. Ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi, alhali leɓensa duk ya tsage. Maiɗakina ta fi ni sanin hali, ta ce a ajiye ƙwaryar a zaure mu ba shi wuri. Da muka dawo mun tarar da ita a kife. Ya ce wucewa kawai yake yi, iyalinsa na jiransa a wata rijiya gaba da Gazawa, za su tsallaka iyaka. Sannan ya zaga baya, ya ɗora hannu a wuyan karsanar, ya daɗe yana yi mata magana da Fulatanci. Bai ce a ba shi ba.

Da yamma yaron ya same ni ya ce, "Mushe, shanunsa duk sun ƙare. Cikin irin da ya gada wajen ubansa, ita kaɗai ta rage a duniya. Zan kwance masa ita."

Na ce, "Ya tambaya?"

"Ba zai tambaya ba. In na bari har ya buɗe baki, na tozarta shi, na tozarta babana."

"To jarrabawarka fa? Shekara nawa kana cin tuwon gidan mutane saboda ita?"



Na tafi wajen mutumin da kaina. Na ce, "Malam, don Allah ka dakata mana ƴan kwanaki, malami ya ga saniyar nan, sannan ku tafi." Ya dube ni a natse ya ce, "Wace saniya? Ni ban zo neman kome ba, gaisuwa na tsaya yi." Yaya za ka roƙi mutum ya jinkirta abin da ya rantse bai zo nema ba? Ga kuma iyalinsa a bakin rijiyar da ba wanda ya san ranar da za ta ƙafe. Na koma na zauna.

Washegari na buga ƙararrawa, na ga yaron a sahun gaba. Rabon da ya zo a kan lokaci har na manta. Tun daga nan na san turken bayan gidana babu kome.

Aka zauna a buron direkta, zafi kamar a tanda. Kowa a gajiye yake, don babu malamin da gidansa bai cika da dangi daga ƙauye ba. Wani ya ce a bar yaron ya saƙa tabarma. Direkta ya ce musanya sau ɗaya aka ce, in ya buɗe wa wannan, gobe duk wanda igiyarsa ta tsinke zai zo. Wani ya ce a rubuta makin kawai, ai duk mun san saniyar. Malamin aikin hannu ya ce shi bai taɓa ba da makin abin da bai gani ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ni ma bayansa na bi. Aka yi ta juya magana har la'asar, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu.

Can malamin aikin hannu ya share zufa da hularsa ya ce, "An ce in gan ta da idona. An ce a ina?"

Direkta ya ce, "Ba a ce ba. Sai dai makaranta ba ta da abin hawan da za ta ba ka."

Malamin ya ce, "Ina da ƙafa." Ya juyo gare ni. "Sirbeyan, kai ne shaida."

Muka hau motar ƴan kasuwa zuwa Gazawa, ni da shi da yaron, daga nan muka kama ƙafa. Gonaki fayau, ko kara babu, an tsince. Rairayi na cin tafin ƙafa ta cikin takalmi. Malamin dattijo ne, duk inuwar da muka samu sai ya zauna, in na ce mu tashi ya ce, "Kai dai ba a raba ka da ƙararrawa ko a daji." Ban yi dariya ba, ba ni da ƙarfinta.

Mun iske mutumin da iyalinsa a bakin rijiyar suna ɗaure kaya a kan jaki. Da mutumin ya ga malami ya fito da alƙalami sai ya tsaya tsakaninsa da karsanar, ya zaci masu jangali ne. Yaron ya yi masa bayani da harshensu, ya matsa, amma bai saki igiyar ba. Malami ya bi ta daki-daki: ya buɗe bakinta, ya duba ido, ya shafa haƙarƙari, ya sa aka ja ta ta yi tafiya ya gani. Ya tambayi yaron me ya ba ta a sanyi, me ya ba ta da zafi ya shigo, yaya ya yi lokacin da ta yi zawo. Yaron na amsawa, idonsa na kan ƙasa.

Malami ya ce, "Ana ƙirga haƙarƙarinta, ba zan ba da cikakke ba. Amma tana tsaye. Rabi da ɗan ƙari." Ya rubuta, ni ma na sa hannu.

Mutumin ya leƙa takardar ya ce, "Wannan zanen zai ba shi abinci?"

Malami ya ce, "Zai ba shi kujera ranar jarrabawa. Sauran na Allah ne."

Mutumin ya gyaɗa kai, ya ja igiyarsa. Da muka juyo karsanar ta yi kuka, irin na dabbar da ta ga mai ba ta abinci zai tafi. Yaron bai waiwaya ba. 

An tura sunansa, ya zauna jarrabawa, ya ci, ba da wani rinjaye ba, ya wuce lise, babbar sakandare, a Maradi. Malamin kuwa sai da ya yi jinyar ƙafa. Karsanar ban san ƙarshenta ba, ko ta tsallaka ko ta faɗi a hanya, babu wanda ya dawo ya gaya mini.

Har na bar aiki ban taɓa buga ƙararrawa a makare ba, ban kuma taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba. Amma tafiyar nan ta koya mini abu ɗaya. Da, a wurina hanya biyu ce kawai, ko a karya ƙa'ida ko a karya yaro. Ashe akwai ta uku: ka ɗauki ƙa'idar yadda take, ka kai ta har inda mutum yake. Sai dai ita da ƙafa ake yinta, cikin rana, shi ya sa ba kowa ke ganinta daga cikin buro ba.