Kwamfutar Baba mai manyan haruffa

Akwai wata safiyar Litinin a shagon mahaifina da ke Tarauni da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, na yi aure, na haihu, amma duk ranar da na ɗauki sukundireba zan buɗe wata kwamfuta, sai kunyar wannan safiya ta dawo min sabuwa fil.

Tun ina yarinya Allah ya ɗora min son kwance kaya. Rediyo, agogon bango, tocilan, babu abin da ya tsira a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Da na girma sai abin ya koma kan tsofaffin kwamfutocin tebur. In samo wadda aka fid da rai da ita, in ƙara mata ram, abin da ke ƙara mata sauri, in sauya mata ma'ajiya, in zauna ina kallon yadda take tashi kamar an tsikare ta. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai, kuma na iya. Matsalar ita ce na san na iya, har kaina ya fara rawa.

Baba kuwa aikinsa buga takardu ne: katin biki, takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa. Da wannan shago ya ciyar da mu. Kwamfutarsa fara ce a da, amma ta koma ruwan ƙasa. Monitar, wato allon kallonta, irin mai ƙatuwar ƙeyar nan ce, fankar ciki tana kuka kamar injin markaɗe, in an kunna ta kuwa sai mutum ya sha shayinsa ya gama ba ta gama tashi ba. Haruffan allon manya-manya, 'yan kalmomi kaɗan sun cika layi. Kibod ɗin duk ɗigo-ɗigon busasshen gam ne, abin ƙyanƙyami a ganina. Yana kuma da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya karanta rubutun hannu. Sai ya tsokani mai takarda, ya ce rubutunsa na likitoci ne, ya zauna ya karanto masa. Mutane su yi dariya su karanta, shi kuma yatsunsa na gudu.

Na sha yi masa tayin gyara. Kullum amsarsa ɗaya: "Uwata, bar ta. Mun saba da juna." Ni kuwa na ɗauka rowa ce da taurin kan tsufa.

Da rasuwa ta kai shi ƙauye, ya ce zai kwana biyu, sai na ga dama ta samu. Na roƙi Inna mabuɗin shagon. Ta ce in bar wa mutum kayansa yadda ya ajiye. Na dame ta da magiya har ta miƙo, tana kallona kamar akwai maganar da ta tsaya mata a wuya. Ban tsaya tambaya ba.

Na shiga kasuwar Fam Santa na haɗo kaya. Na buɗe cikin kwamfutar na kaɗe ƙurar shekaru, na ƙara ram, na sa sabuwar ma'ajiya mai sauri, na sauya fanka, na ɗora sabuwar manhaja. Takardunsa duk na kwashe su tsaf, ko ɗaya bai ɓata ba, kuma har yau ina yaba wa kaina a nan. Na kawo siririyar monita mai haske tar, da baƙin kibod mai laushi. Tsohuwar monita da kibod ɗin gam kuwa, wani mai jari-bola yana wucewa na kira shi na ce ya kwashe, ko sisi ban karɓa ba.

Ranar Litinin na riga shi zuwa shago, na ci kwalliya kamar mai zuwa karɓar kyauta. Kafin ya iso, benci ya cika. A gaba akwai wata Hajiya, shugabar wata makarantar firamare, wadda rabin aikin shagon daga wurinta yake fitowa, ta zo da tambayoyin jarrabawa da ake jira. Baba ya yi sallama ya shigo, na yaye zanen da na rufe teburin da shi. Mutane suka yi ta sa albarka. Shi kuwa ya zauna a hankali, ya ɗora yatsunsa a kan kibod, ya shiga shafawa yana laluben wani abu da babu shi.

Hajiya ta fara karantowa kamar yadda aka saba, amma yatsun ba su motsa ba. Ya danna wasu maɓallai da ya haddace, wani abu daban ya buɗe. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa allon. Ni kuwa, don rashin hankali, na tsaya a kansa ina nuni da yatsa, da murya yadda kowa zai ji cewa ni ce gwanar.

"Baba, ga shi nan fa a gabanka. Ba ka gani ba? Ga shi ɓaro-ɓaro."

Hajiya ta sauke takardarta, ta dube shi, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, idon ne?"

Baba ya janye hannuwansa daga kan kibod ɗin ya ɗora a cinya.

"Ya kwana biyu, Hajiya."

A nan komai ya warware min a lokaci ɗaya. Manyan haruffan nan shi ya sa aka mayar masa da su haka. Ɗigon gam ɗin alamomi ne da yatsunsa ke bi. Tsokanar rubutun likitoci kuwa dabara ce ta mutumin da ba ya son a ce mai buga takardu ba ya gani, a kwashe aiki a kai wani wuri. Shekara da shekaru yana rufe wannan asiri da hikima, ni 'yarsa da muke kwana gida ɗaya ban lura ba, sai da na tara masa jama'a na tona shi da bakina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni na buga jarrabawar ranar, hawaye na ɗiga a kan sabon kibod. Da yamma na bi unguwa ina cigiyar mai jari-bolar, na same shi ya riga ya fasa monitar ya zare wayoyin ciki. A gida Inna ta ce ta daɗe da sani, shi ya roƙe ta kada ta faɗa mana, don kada mu ce ya zauna a gida. Maganar ta bazu, kamar yadda ya ji tsoro, kuma wasu masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa. Hajiya dai ba ta daina zuwa ba, Allah ya saka mata.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne bai taɓa yi min faɗa ba. Washegari na sayo gam, muka zauna tare, yana faɗa min maɓallan ina ɗiga musu. Na shiga ƙara girman haruffan allon, ina tambayarsa ko ya isa. Mutumin da bai taɓa neman taimako a kan idonsa ba ya ce, "Ƙara kaɗan, Uwata." Na ƙara, ya sake cewa in ƙara. Daga baya muka lallashe shi aka yi masa aikin yanar ido, ɗaya ya buɗe, amma har ya bar sana'ar bai yarda an kankare gam ɗin nan ba.

Har gobe ina gyaran tsofaffin kwamfutoci. Sai dai tun daga ranar, ba na kwance ko noti ɗaya sai na zauna da mai kayan na tambaye shi me ya sa ya bar abu kaza yadda yake. Na koyi cewa abin da nake gani a matsayin lalacewa, wataƙila da shi wani yake rufa wa kansa asiri.