Filin da Kawu ya ware wa shugaban ƙasa

Jiya muna ɓarar gyaɗa a ƙofar gidan Kawu Sale a Turawa, sai muka ji ana muhawara a rediyo: wai in shugaban ƙasa ya sauka, ina zai zauna?

Kawu ya watsar da ɓawon hannunsa, ya ce, "Ya taho nan. Na ba shi fili kyauta a bakin kwaltar da suka yi mana alkawari."

Na ce, "Kawu, wace kwalta? Da damina a amalanke fa muka kai Inna asibiti."

Ya ce, "Shi ya sa, ɗan nan. Ya zo mu jira ta tare. Akwai tabarma."

Wallahi sai da na ƙware don dariya.

Ku a garinku, bakin wane alkawarin za ku sauke shi?